Babi na Tara: Faɗin Tafin Hannu Ƙasa da Ɗamara

Kilti ba shi da aljihu. Tela zai ɗauki yadi 8 na ulu mai kauri, ya yi kwanaki yana ninke shi da allura da zare, ninki na bin ninki a baya, ya bar fuska biyu shimfiɗaɗɗu a gaba, ɗaya ta hau kan ɗaya, amma ba zai tsaga ko'ina don a sa kuɗi ba. Saboda haka duk namijin da ya ɗaura wannan tufa ta mutanen Sikotilan, ango ne ko soja ko ɗan kallon ƙwallo da ya bi ƙungiyar ƙasarsa zuwa waje, sai ya rataya wata 'yar jakar fata a gabansa. Siforan suke ce mata. A ciki yake zuba makulli da waya da 'yan canji. Wanda ya san lalitar da fatake ke ɗaurawa a ƙugu ya san aikinta, sai dai ita lalita ɓoye ta ake yi a ƙarƙashin riga, wannan kuwa a fili take, a tsakiyar mutum, inda ido ke fara sauka.

To, a ina za ta tsaya? Idan ka shiga kantin kilti a Edinbura ko Gilasgo ka tambaya, amsa uku za ka fi ji. Wani zai ce ka kifa tafin hannunka a ƙarƙashin kan ɗamara, inda ƙaramin yatsa ya tsaya, nan bakin jakar zai fara. Wani zai ce yatsu uku ƙasa da kan ɗamarar, ko ƙasa da bakin falmaran idan da shi aka yi shigar. Mai son lissafi kuma zai ce inci 4 zuwa 5 daga saman kiltin. Idan ka auna duka ukun a jikin mutum ɗaya, tazarar da ke tsakanin ta sama da ta ƙasa ba za ta fi inci 2 ba. A kan waɗannan inci 2 ake ta muhawara, kuma ni ina tare da masu cewa a ɗaga. Jakar da ta ɗan yi sama, da wuya wani ya lura. Wadda ta yi ƙasa kuwa, tun daga nesa ake gane ta, kuma mai ita ma jikinsa zai gaya masa kafin ya yi taku ɗari.

Amma kafin a taɓa jakar, sai an duba kiltin kansa, domin duk waɗancan awo daga samansa ake fara su. Kilti ba a inda ake ɗaura wando yake zama ba. A kan cibiya yake zama, ko ma ɗan sama da ita, a wurin da jiki ya fi tsukewa tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Na soja ya fi haka hawa, har ya kusa taɓa haƙarƙarin ƙarshe. Ƙasansa kuma a kan ƙoƙon gwiwa yake tsayawa, a samansa ko a tsakiyarsa, ta yadda za a ga gwiwa tsakanin bakin kilti da bakin safa. Wanda ake sayarwa ɗinkakke yawanci tsawonsa inci 24 ne.

Saurayin da ya tashi da wandon jins, jikinsa bai saba da ɗauri a cibiya ba. Da an ɗaura masa kilti sai ya ji an shaƙe shi, ya sa hannu biyu ya tura shi ƙasa zuwa inda ya saba. Nan take abu uku suka lalace. Bakin kiltin ya rufe gwiwa ya haɗe da safa. Ninkin baya, wanda tela ya ɗinke samansa don ya bi lanƙwasar ƙugu, ya sauka inda ba a yanka shi don nan ba, sai ya buɗe ya yi baje-baje. Jakar kuma, ko da an auna mata tafin hannu cif daga ɗamara, ta sauko tare da komai ta koma tsakanin cinyoyi. Yawancin jakunkunan da ake gani suna reto a hotunan biki, laifin daga nan ya faro. Mai gyara ya fara mayar da kilti mazauninsa, sau da yawa zai tarar jakar ta gyaru da kanta.

Ga yadda ake yi, ga wanda bai taɓa gani ba. Mutum ya sa riga da safa da takalmi tukuna. Ya ɗauki kiltin, wanda nauyinsa kan kai kusan kilo 2 idan na ulu mai kauri ne, ya kewayo shi ta baya, ninki a baya. Fuskar da ke hannun dama ita ake fara kawowa, a zura igiyar fatarta ta wata 'yar kafa da ke gefen hagu, a ɗaure. Sai a kawo ta hagu ta rufe ta, a ɗaure a ƙugun dama. Yanzu ya dubi madubi. Yadin kilti, wanda ake kira tatan, ratsi ne a tsaye da ratsi a kwance, kuma tela mai sanin aiki yakan daidaita fuskar gaba ta yadda wani fitaccen ratsi zai sauko ta tsakiya sak. Wannan ratsin ya yi layi ɗaya da maɓallan riga da kan ɗamara. A kansa jakar za ta kwanta, rabinta a dama rabinta a hagu. Daga nan sai maratayin jakar: a zura shi ta madaukai biyu da ke bayan kiltin, a kawo bakinsa biyu gaba. Abin lura a nan shi ne maratayin ba a kwance yake kewaye jiki ba. A baya yana can sama, a gadon ƙugu, sannan ya gangaro ta kan ƙasusuwan ƙugu biyu zuwa gaba. Waɗannan ƙasusuwan ne ke ɗauke da nauyin. Huda ɗaya aka ƙara ko aka rage a maratayi, jakar za ta hau ko ta sauka fiye da yadda mutum ya zata, saboda haka a bi a hankali, huda ɗaya ɗaya.

Dalilin da ya sa nake cewa a ɗaga yana cikin ginin jikin ɗan Adam. Idan mutum yana tafiya, cinyoyinsa ne ke kai da komo, marar kuwa kusan a tsaye take. Jakar da bayanta ya kwanta a kan mara, tafiya take yi tare da mai ita, shiru, sai dai 'yan tuntayenta su ɗan yi rawa. Da ta sauka ƙasa da nan, ta shiga hurumin cinyoyi. Ta dama ta ture ta, ta hagu ta dawo da ita, kuma tun da maratayin ya yi tsawo, sai ta sami filin lilo. A sa mata tarin makulli da waya a ciki, a ce mutum ya ɗan yi sauri ya tari mota, za ta tashi ta dawo ta same shi a inda namiji ba ya son a same shi. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Akwai kuma zancen hannu. Aljihu ce, kuma aljihun da sai an sunkuya kafin a kai gare shi ya kasa aikinsa. Mutum ya tsaya a miƙe, ya sake kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannu kaɗan: ya kamata yatsunsa su buɗe murfin su kai har gindin jakar ba tare da ya duƙar da kai ba. Ina ganin wannan gwaji ya fi na inci gaskiya, domin yana tafiya da tsawon hannun kowa.

Sai zama. Mai kilti idan zai zauna yakan shafa ninkin baya da tafin hannu ya kwantar da shi, sannan ya zauna. A gaba kuwa jakar ce ke yi masa aikin sutura. Idan tana daidai, nauyinta zai danna fuskar kiltin ta faɗa tsakanin cinyoyi, ta rufe abin da ya kamata a rufe, ko da a kan dandamali yake zaune jama'a na ƙasa suna kallonsa. Wannan aiki ba ƙarami ba ne ga tufar da iska ke iya ɗagawa. Idan ta yi sama fiye da kima, ciki zai tokare ta, bakinta ya kife gaba, ƙarfenta kuma ya riƙa gogar kan ɗamara yana ƙara yana kankare shi. Ka ga ke nan ɗagawar ma tana da iyaka. Dole a bar fili tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a ga yadin tatan a tsakaninsu, ko da na yatsu biyu ne.

Masu son a sassauta jakar sukan ce haka aka gada. Tarihin bai goyi bayansu sosai ba. Tufar farko ta mutanen tsaunukan arewacin Sikotilan babban mayafin ulu ce, yadi 4 ko fiye, wanda ake tattarawa a ɗaure da ɗamara a ƙugu, rabi ya sauka zuwa gwiwa, rabi a yafa a kafaɗa ko a lulluɓa idan ruwa ya sauko. An ambace ta a rubuce a labarin wasu mayaƙa daga tsibiran yammacin ƙasar da suka je Ailan a 1594. Jakar wancan zamani 'yar ƙarama ce, ta fatar barewa ko ta maraƙi, bakinta da igiyar zuge, kuma a jikin ɗamarar kanta take rataye, kusa da doguwar wuƙa. Abin da ke jikin ɗamara kuwa ba shi da inda zai sauka. Mutumin da ke bin shanu a kan duwatsu, yana tsallake rafi, ba zai yarda da abin da ke dukan cinyarsa ba. Tuntaye uku da ake gani a jakar yau, ana danganta su da bakin waɗancan igiyoyi na zuge.

Daga baya aka fara yi mata baki na tagulla mai buɗewa da rufewa. A gidan tarihi na ƙasa da ke Edinbura akwai wani irin wannan baki na ƙarni na 18 wanda aka ɓoye ƙananan bindigogi 4 a cikinsa, don su tashi a hannun wanda ya buɗe ba da sanin sirrin ba. Shi ne ya ba marubuci Walter Scott dabarar jakar da ya ba jarumin littafinsa Rob Roy, wanda ya fito a 1817. Ko ba komai wannan ya nuna cewa a lokacin ma'aji ce ta gaske, abin da ke ciki ya fi abin da ke waje daraja.

A farkon ƙarni na 18 ne ƙaramin kilti, wato rabin ƙasa kawai, ya fara yaɗuwa. Akwai labarin da ke cewa wani Bature ɗan Ingila mai masana'antar narka ƙarfe, Thomas Rawlinson, shi ya raba mayafin biyu don sauƙin ma'aikatansa. Masana da yawa na Sikotilan ba su yarda ba, kuma ba a nan za mu raba wannan gardama ba. Abin da ya sauya komai shi ne yaƙin Kuloden, ranar 16 ga Afrilu 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe magoya bayan gidan sarautar Stuart. A shekarar aka kafa dokar hana sa tufar tsaunuka. Wanda aka kama karo na farko, ɗaurin wata 6. Karo na biyu, a kai shi wata ƙasar mulkin mallaka ya yi shekara 7. Sojojin sarki kaɗai aka ɗauke wa. Dokar ta zauna har 1782. A tsawon waɗannan shekaru kilti ya bar hannun makiyayi ya koma hannun soja, kuma soja da abin da yake nema a wurin tufa: a gan shi a fareti, ya cika ido, ya yi kwarjini.

Nan jakar ta fara girma. Aka rufe fuskarta da gashin akuya, daga baya da izgar doki, aka yi mata baki mai faɗi na ƙarfe, aka jera mata tuntaye. A da, kowace runduna da tata alama: ta Black Watch fari ne gashinta da baƙaƙen tuntaye 5, ta Argyll da Sutherland baƙi da fararen tuntaye 6, hafsoshin wannan runduna kuma suna rataya kan wata dabba sukutum, 'yar uwar dage, da idanunta da hancinta. Zuwan Sarki Joji na Huɗu Edinbura a watan Agusta 1822, wanda Walter Scott ya shirya, ya mayar da kilti kayan ado na manyan mutane. Sarkin da kansa ya fito a cikinsa. Sarauniya Fiktoriya ta ƙara wa abin armashi bayan ta fara zama a Balmoral da ke Sikotilan a 1848, har ta sa mai zane Kenneth MacLeay ya zana mata mazajen tsaunuka cikin shigarsu, aka buga zanen a 1870. Wanda ya duba waɗannan zane-zane, ko hotunan sojojin da suka dawo daga yaƙin Kirimiya, zai ga gashi yana zuba har bakin kilti, wani ma ya wuce.

Daga nan nake jin ruɗanin ya samo tushe. Ido ya saba ganin jakar soja tana kaiwa gwiwa, sai aka ɗauka ratayar ce ta yi ƙasa. Alhali gashin ne dogo. A sake duba hotunan da kyau, a kalli bakin ƙarfen kawai, a manta da gashin: yana can sama, ba nisa da ɗamara. Lissafin ma ya nuna dole haka ta kasance. Jakar izgar doki tsawonta ya kai kusan inci 18, kiltin kuma 24. Idan ana so ƙarshen gashin ya tsaya wajen bakin kilti, ba ta da wurin farawa sai wajen inci 6 daga sama. A sauke ta inci 3 kawai, gashin zai riƙa sharar ƙwauri. Wanda ya ɗauki 'yar jakar fata mai tsawon inci 8 ya sassauta ta don ta kai inda ta soja ke kaiwa, ya kwaikwayi ƙarshen abu ya bar farkonsa.

Su sojojin ma da aka zo fagen fama ajiye ta suka yi. Tun a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 aka fara rufe kilti da wani ƙyalle mai launin kaki, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya wannan ƙyallen, mai aljihu a gaba, shi ya maye gurbin jakar a cikin ramuka. Doguwar jakar gashi ta zama ta fareti da ta masu busa algaitar nan mai salka. Wanda ya taɓa kallon faretin sojojin Najeriya a talabijin ya ji wannan busa, gado ce daga sojan Birtaniya. A Sikotilan kuwa, a watan Agustan kusan kowace shekara tun 1950, ɗaruruwan masu busa ke cika filin da ke gaban tsohuwar ganuwar Edinbura, kuma abin da ke sa layinsu ya yi kyau a ido har da wannan: bakin jakar kowa a tsayi ɗaya yake daga ɗamararsa.

Ga farar hula na yau, jakar iri-iri ce, kuma kowace da ɗan bambancin zamanta. Ta rana fata ce zalla, baƙa ko ruwan ƙasa, da murfi da tuntaye uku ko babu. Ita ce ta yawo, ta kallon wasannin gargajiya irin na Braemar da ake yi a Asabar ta farkon Satumba, kuma ita ta fi jure a ɗaga ta, tun da ba ta da ƙarfen da zai yi karo da kan ɗamara. Yatsu uku sun ishe ta. Ta dare, wadda ake sa wa a ɗaurin aure ko a walimar tunawa da mawaƙi Robert Burns ranar 25 ga Janairu, fuskarta gashi ne mai laushi, bakinta azurfa ko farin ƙarfe mai zane, ta fi nauyi ta fi faɗi. Ita tana son a ɗan ba ta fili a sama don a ga aikin maƙerin. Akwai ta tsakatsaki, murfin fata fuskar gashi. Akwai kuma mai kan dabba, wadda kan ne murfinta. Ita kauri gare ta, idan ta yi ƙasa sai ta yi ta tsalle a gaban mutum.

Zancen gashin dabba ya kai ga hukuma. A 2007 aka sanar a Sikotilan cewa mai jakar da aka yi da fatar dabbar da doka ta kare, irin su karen ruwa, yana iya buƙatar lasisi idan an kashe dabbar bayan 1994. Tarayyar Turai kuma ta hana cinikin fatar sil, dabbar tekun da aka fi yin jakar dare da ita, hanin ya fara aiki a 2010. Dukawan ƙasar suka koma fatar zomo da ta saniya mai gashi da gashin roba.

Kwat da falmaran su ma suna da ta cewa. Kwat ɗin kilti gajere ne, an yanke gabansa ya buɗe ta gefe biyu, musamman don a bar wa jakar wuri. Idan an sa falmaran, al'ada ita ce a bar ɗamara a gida, domin kanta zai turo falmaran ɗin ya leƙo ta ƙasa. A nan awon yana komawa bakin falmaran: jakar ta fara ƙasa da shi kaɗan, kada ya hau kanta, kada kuma a bar wani dogon fili a tsakaninsu. Na kwat ɗin dare da ake kira Prince Charlie maɓalli 3 gare shi, na kwat ɗin Argyll maɓalli 5, kuma tsawonsu kan bambanta daga tela zuwa tela. Don haka wanda ya daidaita jakarsa da riga kawai, ya sake dubawa bayan ya sa falmaran. Idan ya ga farar riga tana leƙowa tsakanin falmaran da kilti, kada ya taɓa jakar, kiltin ne ya zame.

Maratayi iri biyu ne, sarƙa da fata. Sarƙa ta fi ƙyalli, ita ake haɗawa da jakar dare, ita ce kuma kantunan haya suka fi bayarwa. Aibinta biyu. Tana zamewa a kan ulu, ta yadda jakar da aka daidaita da safe kan sauka kafin la'asar. Kuma tana cin yadi: shekara da shekaru tana goga wuri ɗaya, sai gashin ulun ya tashi, wani lokaci ƙugiyarta ta kama zare ta ja. Kilti ɗinkin hannu abu ne mai tsada da uba kan bar wa ɗa, bai kamata a bar sarƙa ta cinye shi ba. Maratayin fata zalla, siriri mai santsin ciki, yana kama jiki ya zauna inda aka ajiye shi. Don yawon yau da kullum shi na fi so, a bar sarƙa sai daren biki.

Mai tumbi kuwa nasa lamarin daban ne, kuma masu ba da shawara sukan tsallake shi kamar ba shi ne rabin masu sa kilti ba. Idan ciki ya fito, maratayin ba ya samun ƙashin ƙugu ya hau. Sai ya zame ya shige ƙarƙashin tumbin, ya ja fuskar kiltin ciki, ta tattare, cikin ya ƙara fitowa fili, jakar kuma ta kife tana kallon ƙasa. Mutum ya ƙara ɗaurewa, abin ya ƙara muni. Ya sassauta, ta tafi cinya. Maganin da aka samo shi ne 'yan gajerun igiyoyin fata biyu da ake saƙalawa a jikin ɗamara, dama da hagu da kanta, jakar ta rataya a jikinsu kai tsaye. Babu abin da ya kewaye ciki, fuskar kiltin ta sauka sumul, jakar kuma tana nan a tafin hannu ɗaya daga ɗamara duk yadda aka motsa. Wasu masu tsananin riƙon al'ada suna yi wa wannan kallon sabon abu. Ni kuwa ina ganin ya fi sarƙa kusa da yadda makiyayin ƙarni na 17 ya rataya tasa. Sharaɗinsa ɗaya, sai da ɗamara, saboda haka ba ya tafiya da falmaran.

Dogo da gajere ba su da matsala idan da hannunsu suka auna, domin tafin kowa daidai jikinsa yake. Yaro ƙarami kuwa a nema masa jakar yara. Ta manya za ta rufe masa fuskar kilti gaba ɗaya ko a ina aka rataya ta.

Akwai lokutan da ake kawar da ita daga gaba ɗungum, kuma ba laifi ba ne. Mai kaɗa ganga a ƙungiyar masu busa yakan tura ta gefe ko baya, don gangar a nan take zama. Mai tuƙa mota yakan zame ta zuwa ƙugu saboda bel ɗin kujera. A wajen rawar gargajiya da ake yi bayan ɗaurin aure, inda ake juyi da tsalle ana riƙe hannu, namiji mai lura yakan mayar da ita gefe don ƙarfenta kada ya kama rigar abokiyar rawarsa. In an gama a dawo da ita kan ratsin tsakiya. Wanda zai yi haka da sauƙi sai ya bar maratayin a waje da madaukan baya, ko ya tabbatar yana zamewa a cikinsu.

Mafi yawan mazan Sikotilan ba kullum suke sa kilti ba, da yawansu ma haya suke ɗauka idan biki ya taso. Kantin haya yana ba da sarƙa mai tsawo ɗaya da za ta shiga kowa, kuma siririn saurayi yakan tarar ko ya kai hudar ƙarshe jakar tana ƙasa. Kada ya karɓa ya tafi a haka. Tun a kantin ya sa kayan duka, har kwat da falmaran, ya zuba wayarsa da makullinsa a jakar don ta ɗauki nauyinta na gaskiya. Ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ya zauna a kujera ya tashi, ya zura hannu ya ciro makullin yana tsaye a miƙe. In ta buge shi ko ta sa shi sunkuyo, ya ce a ƙara huda a fatar maratayin, ko a maƙala ƙugiyar a zobe na biyu ko na uku na sarƙar ta kowane gefe, adadi ɗaya dama da hagu don kada jakar ta karkace. Aikin minti biyu ne, kuma masu kantin sun saba yin sa.